Rigar Koci Sirajo

Katanga ɗaya ce tsakanin tsakar gidana da rumfar da ake kallon ƙwallo a unguwarmu, nan Kaura Namoda. Ni ke yi musu zoɓo da kunun aya, don haka duk abin da aka faɗa a rumfar nan sai ya haura katanga ya same ni a bakin tukunya, ko ina so ko ba na so. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin ƙattin maza masu iyali suna rantse-rantse a kan wani koci can Turai da bai san da zamansu a duniya ba. Wannan ya ce a kore shi, wancan ya ce mai ƙungiya ya cika haƙuri. Ban taɓa sa musu baki ba, don ba abin da ya shalle ni. Sai bara da suka juyo da bakin nan nasu kan yayana.

Sunansa Sirajo. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba, ni Lubabatu ta huɗu. In ka shigo Kaura ka ce Sirajo mai faci, sai an yi ɗan tunani kafin a nuna maka rumfarsa kusa da tashar jirgi. Amma in ka ce Koci, kowane ɗan acaɓa zai kai ka ba tambaya. Babanmu leburan reluwe ne, gyaran layin dogo ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma a filin da ke bayan gidajen ma'aikata Yaya ya fara buga ƙwallon tsumma. Ɗan baya ne, an ce ba a wuce shi cikin daɗi. Yana da shekara ashirin da bakwai gwiwarsa ta goce, mai ɗori ya yi iya yinsa, ya tashi da ɗingishin da yake yi har yau. Bai yi boko mai nisa ba, firamare ya tsaya don a samu a kai mu ƙanana. Ni da na gama sakandare, da kuɗin facinsa na gama.

A shekarar dubu biyu da uku ya tara samari masu dakon buhu a kasuwar hatsi da wasu 'yan ƙauye, ya ce ya kafa ƙungiya, Taurarin Dogo. Ba mai kiran su haka, 'Yan Dogo ake cewa. Abokinsa na ƙuruciya, Maigari, lokacin rabin rumfa gare shi a kasuwa yana auna gero da tiya, shi ya sayo musu jesi na farko. Da Allah ya buɗa masa ya zama Alhaji Maigari mai manyan motoci, sai ya ɗauki nauyin ƙungiyar gaba ɗaya, takalma, mota, abinci. Aka ce ƙungiyar Alhaji ce. Yaya bai taɓa musu ba. Shi dai a bar masa usur ɗinsa da gwangwanayen madara da yake jerawa a fili in ana atisaye.

Yana da wata al'ada da ba wani koci da na ji yana yi. Ba ya sa wa ɗan kowa jesi sai ya je gidansu, ya cire takalmi, ya zauna gaban uban. Ko da saurayin ya yi gemu. Zai ce ya zo neman aron ɗa, kuma ya ɗauki alkawari ɗaya: duk inda aka je wasa, zai maido shi gida kafin a kira magariba. In uba ya ce ya ba shi amana, to an gama. In ya ƙi, ko saurayin na iya sa ƙwallo ta yi magana, Yaya ba zai ɗauke shi ba. Haka ya yi ta yawo a kan tsohon babur ɗinsa shekara ashirin. Haka ya je ƙauyen Sakajiki ya aro Nafi'u, ɗan gaban da ya fi kowa ci, daga hannun mahaifinsa, wani tsoho manomi da sai da ya sa shi zuwa sau uku.

Da can, alkawarin nan ba wani nauyi gare shi ba. Iyaye dai ba su son ɗa ya rasa jam'i ya koyi yawon banza. Amma kowa ya san yadda hanyoyinmu suka koma tun da ɓarayin daji suka yi yawa. Hanyar Shinkafi da ta Zurmi, direba mai hankali in la'asar ta yi sanyi ba ya ɗaukar fasinja. Maganar da ake yi don ladabi sai ta koma maganar rai. Yaya bai sake ko kalma ɗaya a cikinta ba.

Bara bayan girbi aka yi gasar Kofin Kaka, wadda ake yi tsakanin ƙungiyoyin Kaura da Shinkafi da Zurmi. 'Yan Dogo sau biyu kacal suka taɓa ɗaukar kofin nan, na ƙarshe ma an fi shekara tara. A wannan karon suka kai wasan kusa da na ƙarshe, a Shinkafi. An sa za a fara da an idar da azahar, Yaya ne ya nace a kan haka har aka yarda. Alƙalin wasa bai iso ba sai da aka yi la'asar. Aka fara wajen ƙarfe huɗu. Nafi'u ya ci ɗaya da kai. Aka tafi hutun rabin lokaci muna da ɗaya suna nema.

Yaya ya dubi rana, ya dubi agogo, ya ce kowa ya ɗauki takalminsa a shiga mota.

Waɗanda suka je sun ce har kuka wasu 'yan wasan suka yi. Mutanen Shinkafi suka ce a kwana mana, ga masauki. Ya ce bai ce wa uban kowa zai kwana da ɗansa ba. Aka kira Alhaji a waya, ba sabis. Ya tsaya a ƙofar bas yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya har goma sha takwas, sannan ya shiga. Ana kiran salla suna shigowa Kaura. Aka ba 'yan Shinkafi wasan, suka je suka ɗauki kofin.

Washegari ban san na dafa zoɓo ko ruwan zafi ba. Tun hantsi rumfa ta cika, ba a ko kunna talabijin ba. Murtala mai cajin waya shi ne limaminsu, mutumin da muryarsa ta fi jikinsa. Ya ce a Turai koci ya yi wannan ko ɗakin canza kaya ba zai koma ba, daga fili sai gida. Ya ce shekara tara ba kofi, ga shi kofi ya zo har bakin ƙofa an mayar da shi saboda tsoro. Ya ce laifin ma ba na Sirajo ba ne, na Alhaji ne da ya mayar da ƙungiya gidan zumunci. Nan aka laƙaba wa yayana Koci Magariba, aka yi ta dariya.

Mutum ɗaya ya tsaya masa, Anthony mai kayan babur. A Kaura aka haife shi, shi ne golan farko na 'Yan Dogo.

"Murtala, kai da ko ƙwallon tsumma ba ka taɓa bugawa ba," in ji shi. "A Turan naka ana tare hanya? In an kwashe su, kai za ka je Sakajiki ka yi wa tsoho bayani?"

Murtala ya ce, "Ji gola kwando yana magana. Kai fa har mai tallan gyaɗa ta taɓa cin ka. In renon 'ya'ya yake so ya buɗe gidan reno, mu ƙwallo muka zo kallo."

Aka sake fashewa da dariya. Anthony ya ce musu shi ya san abin da ya sani, ya tashi ya bar zoɓonsa rabi.

Sati biyar aka yi ana wannan. Rumfa ta rabu biyu, amma ba a kan ko Yaya ya yi daidai ba. Kashi ɗaya na cewa Alhaji zai kore shi kafin wata ya mutu, ɗaya na cewa ba zai iya ba, jikinsa ya cika sanyi. Har da masu cewa sun ji daga bakin direban gidansa. A kasuwa kuwa, dillalan Shinkafi in sun zo da rana tsaka sai su ce, Alhaji a auna mana da sauri kada magariba ta yi. Shi kuma Yaya kullum da asuba yana fili da gwangwanayensa, kamar ba shi ake nufi ba. Na taɓa ce masa ya je ya zauna da Alhaji su yi magana. Ya ce maganar me, ai Maigari ya san shi tun suna yawo ba wando.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Alhaji ya tara mutane a ƙofar gidansa. Aka shimfiɗa darduma, aka yanka rago. Ya tashi ya yabi Yaya yabon da ba a taɓa yi masa ba, ya ce babu mai riƙon amana kamarsa a Kaura. Sannan ya fito da babbar riga, farar shadda mai aikin aska takwas, da hula, ya sa masa da hannunsa. Ya miƙa masa takarda cikin gilashi, an rubuta Uban Ƙungiya.

Mu nan an san wannan. In babban mutum yana jin nauyin ya ce maka ka tafi, sai ya tufatar da kai, ya ba ka suna mai girma, ya nuna maka inuwa. Haka ake yi wa tsohon direba, haka ake yi wa tsohon yaron shago. Duk wanda ke zaune a dardumar nan ya gane. Murtala ma an ce har ido ya ƙyafta wa na kusa da shi. Mutum ɗaya ne bai gane ba, Yaya, don shi tun da yake ba a taɓa yi masa kyautar da ta wuce goro ba.

Daga can gidana ya yo, da rigar a jikinsa. Ya tsaya a tsakar gida ya buɗe hannuwa yana juyawa a hankali saboda gwiwa, ga baƙin man faci a ƙarƙashin farcensa yana ta kaffa-kaffa kada ya taɓa shaddar.

"Luba, kin gani? Ashe Maigari ya fahimta. A gaban kowa ya ce na riƙe amana."

Ya ce in ƙara zoɓo gobe, zai fara shirin baɗi tun yanzu, yana so ya faranta wa 'yan wasa rai. Na dube shi, na dubi rigar. Wane koci ne ke gudu a fili da aska takwas? Ni da duk unguwa ke cewa bakina ba linzami, na ce masa ta yi kyau, Allah ya sanya alheri. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun ranar da aka haifa masa ɗan fari, shi ya sa. Na ce bari ya kwana da farin cikinsa, wani zai faɗa masa. Ashe kowa haka ya ce.

Abin da ya faru da safe Anthony ne ya ba ni labari, don ya bi shi filin. Yaya ya iso da ragar ƙwallayen da ya ɗinke da hannunsa da buhun gwangwanaye. Ya tarar an riga an jera wasu 'yan robobi jajaye a fili, ga wani matashi daga Gusau da sabon usur a wuya yana ba da umarni. A gindin darbejiya an ajiye farar kujerar roba guda ɗaya. Yaya ya ɗauka mataimaki ne Alhaji ya ƙaro masa, har ya je ya ba shi hannu ya yi masa maraba. Sannan ya busa usur yadda ya saba don a taru. Ba wanda ya motsa. Ya sake busawa. 'Yan wasa duk suka sunkuyar da kai.

Nafi'u ne ya zo ya durƙusa a gabansa, magidanci da matarsa da keke napep ɗinsa, yana hawaye.

"Koci, an ce kai yanzu uba ne. Kujerarka ce waccan."

Yaya ya tambaya wa ya ce. Nafi'u ya ce Alhaji. Sai ya ce to. Ya je ya zauna a kujerar nan har aka gama atisaye, awa biyu, don kada ya kunyata baƙo. Da aka tashi ya yi musu addu'ar sa'a, ya bar musu ƙwallayen, ya ɗaure buhun gwangwanayensa a bayan babur.

Da na ji, na sauke tukunya na sa hijabi. Na sami Alhaji Maigari a kasuwar hatsi tsakanin buhunan gero da wake. Ya gan ni ya sallami mutanen da ke gabansa.

"Hajiya Luba, bismilla zauna."

"Ban je Makka ba, Alhaji. Kada ka sa mini riga ni ma. Na zo in ji ko bakinka ke ciwo ranar Juma'a."

Ya ce wallahi ba zai iya kallon idon Sirajo ya ce masa ya tafi ba, tare suka taso, a kwano ɗaya suka ci tuwon mahaifiyarmu. Ya ce sati biyar yana haƙuri ana cin namansa a rumfa da kasuwa, har 'ya'yansa sun fara ce masa ya zama abin dariya. Na ce masa shi ne ya yi haƙuri? Mutum ya rufe rumfar facinsa duk ranar wasa shekara ashirin, matarsa Kulsumu ta wanke jesi goma sha takwas a rijiya har hannunta ya yi kanta, sannan a ce wanda ke zaune a inuwa shi ya yi haƙuri? Na ce da ya kira shi ɗaki ya ce Sirajo na gaji, da ya fi. Mutum ne, zai ji zafi ya warke. Amma a sa shi ya je fili yana busa usur a gaban samarin da ya goya, ba mai amsawa?

Bai ɗaga murya ba. Idonsa ma ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, don da mugu ne da na samu inda zan sauke. Ya bari na gama, sannan ya ce:

"An ce daga ƙofar gidana gidanki ya wuce da rigar. Ke kin faɗa masa?"

Na juyo na dawo gida.

Yaya bai je wa Alhaji da ƙorafi ba, har yau in sun haɗu a masallaci suna gaisawa. Abin da ya yi shi ne, ranar Litinin ya tayar da babur ya fara bi gida-gida. Duk uban da ya taɓa zama a gabansa ya koma ya zauna. Ya ce ya zo ya mayar da amana, ƙungiya ta fita hannunsa, ba zai iya cika alkawarin magariba ba, a yafe masa. Kwana tara ya yi yana wannan. Yawancinsu sun yi masa godiya sun ce ba komai. Uku suka janye 'ya'yansu, nan da nan rumfa ta ce zagon ƙasa yake yi don baƙin ciki.

Sakajiki ya bari a ƙarshe. Kulsumu ta roƙe shi kada ya je saboda hanya, ya ce da hantsi zai je ya dawo. Ya sami mahaifin Nafi'u a zaure yana ɓare gyaɗa, ya faɗa masa abin da ya faɗa wa sauran. Tsohon ya ce Nafi'u ya fi ƙarfinsa yanzu, ya yi mata, ba ya iya hana shi ƙwallo. Sannan ya ce:

"Ni ban san Alhaji ba, ban san yaron Gusau ba. Kai nib ba amanar ɗana, nan bisa wagga tabarma. In an kore ka, ba ni nik kore ka ba. Tashi ka tai da abinka, ban amsa ba."

Yaya ya dawo da amanar.

Tun daga nan, duk ranar da 'Yan Dogo suka fita wasa wani gari, da an yi la'asar sai ya rufe rumfa ya je bakin gari inda hanya ke shigowa, ya kafe babur ya zauna a kai. Fitarsu ta farko da sabon koci Zurmi suka je. Suka ci biyu da nema, suka dawo magariba ta daɗe da wucewa, ana ta danna hon. Ba abin da ya same su, alhamdu lillahi, kuma Allah ya sani ban taɓa roƙon wani abu ya sami ɗan kowa don a ce yayana ya yi gaskiya ba. Rumfa ta ce to ga shi nan, ashe duk tsoro ne. Shi kuwa in bas ta wuce shi sai ya bi ta a baya har ƙofar Alhaji, ya tsaya nesa inda ba za a ce ya zo shisshigi ba. In ya ga Nafi'u ya sauko, ya kira wani maƙwabcin tsohon a waya ya ce a faɗa masa ya sauka. Sannan ya tafi ya rama sallarsa.

Ya rame. Likita ya ce jininsa ya hau. Bai sake taka filin nan ba, kuma in aka kawo masa ƙwallo ɗinki sai ya ce shi taya kawai yake yi. Rigar tana ƙasan akwatin Kulsumu. Na ce a sayar ko a ba wani, ya ce a'a, kyauta ce, ba a yi wa kyauta haka.

Ranar Lahadin da ta wuce suna da wasa a Shinkafi. Sabon kocin an cinye shi sau biyu a jere, don haka tun azahar murya ke hauro mini katanga. Murtala na cewa matsalar Alhaji ke nan, ya cika haƙuri, haka ya yi ta jan ƙafa da Koci Magariba shekara da shekaru. Aka aiko karɓar zoɓo, na ce ya ƙare. Na cika gora ɗaya mai sanyi, na tari keke na ce a kai ni bakin gari.

Yana nan a kan babur, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, fuskarsa na kallon hanya. Tun yaushe nake so in ce masa na gane ranar Juma'ar nan na yi shiru, na ce yau zan faɗa. Na miƙa masa gorar, ya karɓa bai buɗe ba. Ya tambaye ni ƙarfe nawa, alhali ga agogo a hannunsa. Na ce biyar da rabi ta gota.

Ya gyaɗa kai.

"Da ni ne, da yanzu mun baro Shinkafi, mun wuce Badarawa."

Na tsaya a gefensa da maganata a baki. Hanya ba mota ko ɗaya, har ladanin masallacin bakin gari ya fara gyara lasifika.